Kuskure a cikin laburaren da na rubuta: in tare shi ko in bar shi ya wuce?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a nan Birnin Kebbi. Na rubuta wani ɗan laburare da Python, yana gyara lambobin waya kuma yana tura saƙon tes ga mutane da yawa a lokaci guda. Asali don ƙungiyar manoman shinkafa ta su babanmu na yi shi, a riƙa sanar da su ranar taro da ranar rabon taki. Duk inda na hango matsala sai in sa `try` da `except`, in buga 'an samu matsala' a allo, in mayar da `None`. In kuɗin tes sun ƙare kuwa sai in kira `sys.exit()`. Yanzu wani abokina a Jega ya ɗauka ya sa a manhajar makarantarsu, ga shi yana ƙorafi wai manhajar tana mutuwa haka kawai, wani lokacin kuma ta nuna an tura saƙo alhali iyayen yara ba su samu ba. Ya ce ya duba tarihin Git ɗina bai gane komai ba, duk 'update' ne da 'gyara'. Malam ina laifina? Ni a ganina gara in tare kuskure da in bar shi ya fashe. Sannan saƙon kwamit yana da wani amfani ne ga mai aiki shi kaɗai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya kamata laburare, wato kod ɗin da aka rubuta don wasu manhajoji su riƙa kiransa, ya yi idan aikin da aka sa shi ya ƙi yiwuwa, sannan me za ka rubuta a saƙon kwamit, wato ɗan bayanin da ake haɗawa da kowane canjin da aka ajiye a Git, har wani ya amfana da shi. A wurina tushensu ɗaya ne. Lokacin da ka rubuta kod ɗin, kai ne marubuci, kai ne mai kunnawa, kai ne kuma mai zaune gaban allo kana karanta abin da ya fito. In ka ga "an samu matsala" ka san wace matsala ce, domin kai ka rubuta layin. Ranar da kod ɗin ya tafi Jega, duk wannan sanin ya tsaya a kanka a Birnin Kebbi. Abokinka ba shi da komai sai abin da kod ɗin ya faɗa masa da bakinsa da abin da tarihin Git, manhajar da ke ajiye canje-canjen kod, ya nuna, kuma dukansu biyu ba su ce masa komai ba.

Niyyarka ta tare kuskure mai kyau ce. Wurin da ka tare shi ne bai dace ba.

Wa ke da hurumin yanke hukunci

Manhaja da laburare ba matsayinsu ɗaya ba. Manhaja ta san wanda ke amfani da ita, ta san ko akwai allo ko babu, ta san ko saƙon nan na gayyatar taro ne da zai iya jira zuwa gobe, ko kuwa na sanar da uba ne cewa ɗansa ba shi da lafiya. Laburare bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya sani shi ne ainihin abin da ya faru: lambar ba ta cika ba, ko saba, wato kwamfutar da ake tura wa buƙata ta intanet, ba ta amsa ba, ko kamfanin tes ya ce asusu ya ƙare. To ka ga an raba sanin gida biyu. Laburare ya san abin da ya faru amma bai san abin da ya dace a yi ba, manhaja kuma ta san abin da ya dace a yi amma sai an faɗa mata abin da ya faru.

Ka ɗauki laburarenka a matsayin yaron da aka aika kasuwa sayen taki ya tarar babu. Zai iya dawowa ya ce, "Baba babu, mai shagon ya ce sai jibi." Zai iya dawowa ya shige ɗaki bai ce wa kowa uffan ba, mai gida yana can yana zaton buhu na cikin zaure. Zai iya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa noman bana ya lalace, ya wuce gona ya sallami 'yan ƙwadago. Mayar da `None` shi ne na biyu, `sys.exit()` shi ne na uku. Na farkon kaɗai ne aikinsa.

Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa da abokinka dalla-dalla. A Python, `sys.exit()` jefa wani kuskure yake yi mai suna `SystemExit`, kuma da gangan aka ajiye shi a wajen dangin `Exception`. Saboda haka ko da abokinka ya kewaye kiran laburarenka da `except Exception`, ba zai cafe shi ba, zai wuce ta kansa ya rufe shirin. Mutuwar da yake cewa "haka kawai" ke nan. Shi kuma `print` ɗinka, a kwamfutarka yana fitowa a gaban idonka, amma a manhajar da ke gudana a kan saba ko mai tagogi da maɓallai, rubutun yana tafiya inda ba mai dubawa. Sai `None` ɗin, wanda ya fi su duka haɗari. Abokinka ya kira fankshin ɗinka, wato guntun kod ɗin da ke tura saƙo, mu ce masa `tura_sako`, bai ga an jefa komai ba, ya ɗauka aiki ya yi, ya rubuta "an tura" a gaban sunan uban yaro. Ba laifinsa ba ne. A Python al'ada ce fankshin ɗin da ya gama aikinsa lafiya ba tare da wani abin mayarwa ba ya ba da `None`, don haka alamar da ka zaɓa wa gazawa ita ce dai alamar nasara a idon kowa.

Kada ka ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka bi diddigin matsaloli 198 da aka kai rahotonsu a manyan tsare-tsaren ajiyar bayanai irin su Cassandra da HBase da Redis. A cikin waɗanda suka zama babbar ɓarna, wato duk tsarin ya tsaya ko bayanai suka salwanta, sun gano kashi 92 cikin ɗari sun faro ne daga kuskuren da ba mai kisa ba ne, kod ɗin ma ya hango shi, amma aka yi masa riƙon da bai dace ba. Kimanin kashi 35 kuwa sakaci ne ƙarara: wurin cafe kuskuren an bar shi fanko, ko an rubuta layi ɗaya a rajista, wato inda shiri ke rubuta abin da ya faru, an wuce, ko an kashe komai saboda ƙaramin abu, ko an rubuta "a gyara daga baya" ba a dawo ba. Biyu daga cikin waɗannan su ne ainihin abin da ke cikin tambayarka.

Akwai kuma labarin da ya kamata duk mai rubuta kod don wasu su sake amfani da shi ya sani. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta na farko. Kod ɗin da ke lissafin matsayinta an ɗauko shi ne daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. A cikinsa akwai inda ake matsa wata lamba mai bit 64 ta shiga gurbin bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kaiwa can ba, don haka ba a sa kariya a wurin ba. Sabuwar ta fi gudu, lambar ta yi ambaliya, na'urar ta kashe kanta, ta ajiya ma da ke ɗauke da kod iri ɗaya ta riga ta mutu ta hanya ɗaya. Bayanin kuskuren da na'urar ta fitar kuma babbar kwamfutar ta karɓe shi a matsayin sahihin bayanin tafiya, ta juya rokar da shi. Abin lura a nan, kod ɗin bai canza ba, wurin da aka kai shi ne ya canza.

Abin da za ka yi a madadin haka

Fara da zama ka rubuta a takarda duk hanyoyin da tura saƙo zai iya gazawa. Za ka ga ba iri ɗaya ba ne. Akwai laifin abin da aka ba ka, kamar lamba mai alƙaluma 10 maimakon 11, ko saƙo fanko. Akwai laifin hanya, netwok ya ɗauke ko saba ta yi nauyi. Akwai ƙin amincewar kamfanin tes, makullin sirrin shiga asusunka ba daidai ba ko asusu ya ƙare. Na farko sake gwadawa ba ya maganinsa ko sau dubu ne, sai an gyara lambar. Na biyu sau da yawa jira kaɗan ya isa. Na uku sai mutum ya tashi ya yi wani abu. Tunda magani ya bambanta, dole sunan ciwon ya bambanta.

Saboda haka ka ƙirƙiri uban kuskure guda ɗaya na laburarenka, ka ce masa `KuskurenTes`, ya gaji `Exception`. A ƙarƙashinsa ka sa 'ya'ya kaɗan: `LambaBaDaidaiBa`, `MatsalarHanya`, `KudiSunKare`, `AnKiMakulli`. Wanda yake son ya cafe komai da hannu ɗaya sai ya cafe uban, wanda yake son ya bambance sai ya cafe ɗan da ya dame shi. Laburaren `requests`, wanda nake kyautata zaton da shi kake kiran kamfanin tes ɗin, haka aka gina shi: `RequestException` a sama, `ConnectionError` da `Timeout` da `HTTPError` a ƙasa. Kada ka wuce gona da iri ka yi iri ashirin. Ma'aunina shi ne, in babu wani mai kira da zai yi abu daban saboda wannan bambancin, to bai cancanci suna nasa ba.

Sannan kuskuren ya zo da kayansa. "An samu matsala" ba bayani ba ne. Ka sa shi ya ce wane aiki ake yi, da wane abu, me aka tarar, me ake sa rai. Misali: lamba tana da alƙaluma 8, ana sa ran 11 masu farawa da 0 ko 13 masu farawa da 234. Na zaɓi wannan misalin da gangan, domin a Kebbi muke. Duk wanda ya yi aiki da jerin sunayen 'yan kasuwar Kamba ko Dole Kaina ya san za a tarar da lambobin Nijar a ciki, masu farawa da +227 da alƙaluma 8 a bayansu. Lambar lafiyarta ƙalau, laburarenka ne bai san ta ba. In ya ce "lamba ba daidai ba" kawai, sakataren ƙungiya zai yi ta kiran mutum yana cewa ya ba da lambar ƙarya. In ya ce "lambar ƙasar waje ce, ba na tura wa +227", an gama magana. Kuma ban da rubutun da mutum zai karanta, ka ajiye bayanan a jikin kuskuren, kamar `e.lamba` da `e.dalili`, don kada abokinka ya koma tsinke jimlarka yana neman kalma a ciki. In ya yi haka, ranar da ka gyara rubutun jimlar manhajarsa ta karye.

Idan `requests` ya jefo maka nasa kuskuren, daidai ne ka cafe shi ka mayar da shi naka, domin bai kamata abokinka ya damu da wane laburare kake amfani da shi a ciki ba. Amma kada ka yar da na asalin. Ka rubuta `raise MatsalarHanya(...) from e`. Wannan `from` ɗin, wanda ya zo da Python 3, yana ɗaure sabon kuskuren da tsohon, mai bincike ya ga silsilar tun daga tushe. Kuma ka cafe abin da ka sani kaɗai. `except:` tsirara, ba tare da suna ba, yana haɗiye har da `KeyboardInterrupt`, wato ko mutum ya danna Ctrl da C shirin ba zai tsaya ba. `except Exception` ma a cikin laburare yakan ɓoye kurakuranka na rubutu, sunan da ka rubuta ba daidai ba ya fito wa mutane a matsayin "matsalar netwok". A ayyukan da nake dubawa, wannan ne abin da ya fi cinye wa mutane lokaci, ana zargin kamfanin waya alhali harafi ɗaya ne ya faɗi a layi na arba'in.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa, batun sake gwadawa. Mu a nan netwok ba abin dogaro ba ne. A Satumban 2021 ma an rufe layukan sadarwa gaba ɗaya a Zamfara na tsawon makonni, ballantana ɗaukewar yau da kullum a ƙauyukan fadama. Don haka zuciya za ta ce maka ka sa laburaren ya yi ta gwadawa har sai ya dace. Ka yi hattara. Da farko, `requests` ba ya sa wa'adi da kansa, in ba ka ba shi `timeout` ba zai iya zama yana jiran amsa har abada, manhajar abokinka ta daskare. Na biyu, ƙarewar wa'adi iri biyu ce. Akwai `ConnectTimeout`, ba a ma kai ga haɗuwa da saba ba, wannan babu laifi a sake. Akwai `ReadTimeout`, buƙatarka ta tafi, amsa ce ba ta dawo ba. A nan ba ka sani ba, wataƙila saƙon ya riga ya isa wayar manomi. In ka sake, ya samu biyu, an caji ƙungiya sau biyu. A tes asarar 'yan nairori ce. Ranar da ka rubuta irin wannan laburaren don tura kuɗi, mutum aka biya sau biyu. Gaskiyar da laburare zai faɗa a wannan hali ita ce "ban sani ba ko ya tafi", kuma wannan ma ya cancanci sunansa, ka ce `BaTabbas`. In kamfanin yana karɓar lambar shaida ta musamman ga kowane saƙo don ya gane maimaici, ka yi amfani da ita. In ka ga dole ka sa sake gwadawa a ciki, ka bar wa mai kira ya faɗi sau nawa, ya kuma iya kashe shi.

Tura wa jama'a da yawa kuma yana da nasa hukuncin. A ce manoma 300 ne, lambobi 12 suka ƙi. In ka jefa kuskure a na farkon da ya ƙi, sauran ba su samu ba, mai kira kuma bai san inda aka tsaya ba. Abin da nake yi shi ne, fankshin ɗin mutum ɗaya yana jefa kuskure, na jama'a kuma yana mayar da rahoto: ga waɗanda suka tafi, ga waɗanda suka ƙi da dalilin kowanne, ga waɗanda babu tabbas. Sai dai in abin da ya faru ya shafi kowa, kamar ƙarewar kuɗi, nan kam tsayawa ya fi, a jefa `KudiSunKare` ɗauke da rahoton inda aka kai. Python 3.11 na 2022 ya kawo `ExceptionGroup` don tattara kurakurai da yawa wuri ɗaya, amma ga aiki irin naka rahoto ya fi sauƙin fahimta.

Maganar `print`, ka cire shi duka ka koma `logging`. Jagorar Python da kanta ta ce laburare ya buɗe rajista da sunansa, kada ya sa mata komai sai `NullHandler`, manhaja ce za ta zaɓi inda rubutun zai tafi. Kada kuma ka rubuta kuskure a rajista sannan ka sake jefa shi, zai fito sau biyu ko uku mai bincike ya zaci matsaloli uku ne. Abu na ƙarshe a nan amana ce: makullin asusun tes kada ya taɓa shiga saƙon kuskure, lambobin mutane kuma in za su shiga rajista ka rufe tsakiyarsu. Rajista takan yi yawo, a tura wa wannan a WhatsApp a tura wa wancan don neman taimako. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, lambar matar wani ko ta uban ɗalibi ba abin watsawa ba ce.

Ba kowane yaren kwamfuta ne ke jefa kuskure ba. A C ana mayar da -1 a duba `errno`. A Go kuskure ƙima ce da fankshin ke mayarwa tare da sakamako, kuma tun siga ta 1.13 a 2019 ana naɗe wani cikin wani da `%w`. Rust yana da `Result`, wanda in ka yi biris da shi mai harhaɗa kod zai yi maka gargaɗi. Masana suna ta muhawara kan wanne ya fi, ni kuma ban ga alamar za a gama ba. Ka bi al'adar yaren da kake ciki. Kuma shawarata ta ginu ne kan manhajojin ofis da na intanet, inda na fi yin aiki. Masu rubuta kod na na'urorin asibiti ko na injin da ke motsi suna da ƙa'idoji masu tsauri da suka wuce wannan. Ban kuma ga kod ɗinka ba, ban san kamfanin tes ɗin da kake amfani da shi ba. Wasu kamfanonin sukan mayar da lambar 200, alamar lafiya, alhali a cikin amsar sun rubuta cewa saƙon bai tafi ba. Sai ka karanta takardunsu ka gwada da hannunka, kada ka dogara da `raise_for_status()` na `requests` kaɗai, wanda wannan lambar kawai yake dubawa.

Saƙon kwamit

Ka ce kai kaɗai kake aiki. Ai tun ranar da abokinka ya ɗauki kod ɗin kun zama biyu. Ko da bai ɗauka ba, kai ɗin da za ka dawo bayan jarrabawa da hutun damina ba za ka tuna dalilin da ya sa ka cire wani layi ba.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don aikin Linux, yana ajiye abin da ya canza da kansa, layi bayan layi. Ba ya buƙatar ka faɗa masa ka taɓa fayil kaza. Abin da ba zai iya ajiyewa ba sai ka rubuta shi ne dalili: me ya lalace, me ya sa ka zaɓi wannan hanyar ka bar waccan, me zai canza ga mai amfani. "Update" maimaita abin da Git ya riga ya sani ne, kowane kwamit ai sabuntawa ne.

Tsarin da aka saba da shi, wanda jagorar Git ma ta ba da shawararsa, shi ne layi na farko gajere, kada ya wuce haruffa 50 ko kusa da haka, sai layi fanko, sai bayani. Layin fankon ba ado ba ne, da shi Git ke gane inda take ya ƙare, kuma taken kaɗai `git log --oneline` ke nunawa. Jikin bayanin akan karya shi a wajen haruffa 72. Masu aikin Linux suna rubuta taken da sigar umarni, kamar kana ba kod ɗin oda, kuma wannan ya zauna daram a Hausa: Cire, Ƙara, Gyara, Daina. Ga yadda zan rubuta na gyaran da ke gabanka:

`Daina kiran sys.exit idan kuɗin tes sun ƙare`

`A da tura_sako yana rufe duk shirin da ya kira shi idan asusu ya ƙare. Hakan ya yi daidai da ɗan shirin ƙungiya, amma yana kashe manhajar da ke da wasu ayyukan ban da tes. Yanzu yana jefa KudiSunKare, ɗauke da jerin waɗanda aka riga aka tura wa. Duk mai kiran fankshin ɗin sai ya cafe wannan kuskuren.`

Ka lura ban ambaci sunan fayil ko lambar layi ba. Ba kuma kowane kwamit ke buƙatar jiki ba. In harafi ka gyara a takardar bayani, take ya isa.

Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da abu ya lalace. Abokinka ya ga wani layi bai gane shi ba, sai ya yi `git blame`, ya ga kwamit ɗin da ya kawo layin, ya karanta dalili, ya fasa gogewa. Ko kuma abu yana aiki a watan jiya yau ba ya yi, sai a yi `git bisect`, Git ya riƙa raba tarihin biyu yana tambaya nan lafiya ko ba lafiya, a cikin kwamit 1,000 tambaya kamar 10 ta isa a kama mai laifin. To in wanda aka kama sunansa "gyara" kuma ya taɓa fayil goma sha biyar, an kama shi amma ba a ƙaru da komai ba. Shi ya sa saƙo mai kyau yake farawa tun kafin rubutu: kwamit ɗaya, canji ɗaya. In ka ga takenka yana neman "da kuma", to kwamit biyu ne. `git add -p` zai ba ka damar tsintar gyaran da za ka sa yanzu ka bar sauran. Gyaran da ke gabanka ma haka za ka yanka shi: ɗaya na ƙirƙirar dangin kurakurai, ɗaya na cire `sys.exit()`, ɗaya na mayar da `print` zuwa `logging`, ɗaya na sa wa'adi, kowanne da gwajinsa. Gwajin ma ka rubuta na gazawa, ka kwaikwayi saba da ta ƙi amsawa ka tabbatar kuskuren da ya dace ne ya fito.

Za ka ga wasu suna fara take da `fix:` ko `feat:`. Wani tsari ne mai suna Conventional Commits, yana da amfani in akwai na'urar da ke karanta tarihin tana fitar da jerin canje-canje. Ba wajibi ba ne, kuma `fix: gyara` bai fi `gyara` da komai ba. Batun yare kuwa, ka rubuta da wanda masu karanta tarihin ke ji. In ku biyu ne da abokinka, Hausa ta wadatar, Git yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau. In kana son baƙi daga wasu wurare su sa hannu, Turanci mai sauƙi. Sunayen cikin kod dai na bar su babu ƙugiya don sauƙin bugawa a kowane allon rubutu.

Abu biyu kafin ka fara. Canjin nan zai karya manhajar duk wanda ya saba da `None`, domin inda a da ake shiru yanzu za a jefa kuskure. A tsarin lambar siga mai gida uku, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara, irin wannan canjin lambar farko yake ɗagawa, daga 1.4.2 a koma 2.0.0. Ka yi haka, ka rubuta a takardar bayanin laburaren wane fankshin ke jefa wane kuskure, ka sanar da masu amfani da shi kafin su sabunta, har da shirin ƙungiyar su Baba, wanda yanzu shi ne zai cafe `KudiSunKare` ya buga saƙo a allo ya rufe kansa in ya ga dama. Tsofaffin "update" ɗin kuma ka bar su yadda suke. `git commit --amend` da `git rebase -i` suna gyara saƙo, amma suna canza lambar shaidar kwamit, don haka na abin da bai bar kwamfutarka ba ne. Abin da ka riga ka tura har wani ya ɗauka, in ka sake rubuta shi ka tura da ƙarfi, tarihinsa da naka za su rabu, ka ƙara masa wani aikin a kan wanda yake ciki.